Ni Na Sayar da Gonar Rastata

Ban yi niyyar rubuta wannan babi ba. Na so in kauce masa yadda direba ke kauce wa rami, in wuce kai tsaye zuwa shekarun da na yi ina jigilar dankali zuwa kudu, inda ba ni da abin sunkuyar da kai. Abin da ya faru a Tina Junction, wata mararraba a Jos, kwanan baya shi ya hana ni. Ina zaune a ƙofar gida aka zo aka gaya mini cewa ɗana na fari, wanda tun da aka haife shi ban taɓa kama sunansa a gaban mutane ba, yau kuwa zan kama, Auwalu, ya ajiye kekensa mai ƙafa uku a bakin titi, ya tafi wurin da Gyang ɗan tsohon kwandastana Davou ke sayar da sandunan gini, ya nuna shi da yatsa a gaban masu ciniki ya ce ubansa ɓarawon gona ne. Ya ce duk sandar da ke jingine a wurin daga gonata aka saro ta. Ya ce ya ga lauya, kuma sai an dawo mana da ƙasarmu. Lauya! Kai da har yanzu ba ka gama biyan kuɗin keken da kake tuƙawa ba, ka sami kuɗin ba lauya don ka ja dattijo zuwa kotu a kan maganar da ba ka tambaye ni tushenta ba. Ran nan ban iya cin tuwo ba. Haushin yaron ya cika ni, amma da na bi haushin a hankali sai na tarar ƙarshensa a kaina yake, domin ba Auwalu ya ƙago maganar nan ba. A bakina ya tsince ta.

Don haka ku zauna ku karanta, kai da Rabi da ƙannenku da ke nesa. Firamare kawai na gama, ba zan iya yi muku ado ba. Zan faɗi abin da ya faru ne yadda ya faru.

Lokacin da na auri uwarku Zulai, ni direban ƙaramar bas ne a tashar Bukuru, ina ɗaukar fasinja zuwa Taminus da ke cikin Jos in dawo. Motar ta wani Alhaji ce. Tsarin da muke kai a wancan zamani shi ne, daga Litinin zuwa Asabar kana kai wa mai mota balas ɗinsa kowace yamma, abin da ya ragu ɗan kuɗin cefane ne. Amma Lahadi taka ce. Ka zuba mai, duk abin da motar ta samo naka ne kai da kwandasta. Wannan Lahadin ita ce albashin direba, ita ce garatutinsa, ita ce fanshonsa, don direban haya ba shi da wani ofis da zai je ya yi layi idan ya tsufa. Ranar da idonsa ya dushe, ko gwiwarsa ta ƙi taka kuloci, ranar aka rufe littafinsa. Kowa a tashar ya san haka. Muna ganin tsofaffin direbobi suna zaune a benci da safe cikin sanyin nan na Jos, sun naɗe hannu a hammata, suna jiran wanda zai ce a ba su shayi. Muna gaishe su, muna ba su na goro, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa kallonsu ya ce gobe ni ne. Har yau in na tuna wannan makanta raina yana ɓaci.

Kwandastana shi ne Davou, Birom ne daga wani ƙauye a bayan Kuru. Gajere ne, muryarsa ta fi jikinsa, in ya buga gefen mota ya kira Taminus sai a ji shi a ƙarshen kasuwa. Ranar Lahadi sai ya fito daga coci muke fara lodi, duk da haka muna samu, don ranar ce ta masu ziyara da masu biki. Da yamma mu raba. Ni in nufi teburin mai shayi. A nan na yi suna. Duk wanda ya zauna a teburin nan ranar Lahadi, shayinsa da burodinsa da ƙwansa a kaina suke, har tsire ake aikawa a sayo. Akwai wani ɗan kamasho, Mato, mai zaƙin baki, shi ya laƙaba mini Sarkin Lahadi. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu sama.

"Sarkin Lahadi ya sauka! Isiyaku na Zulai, mai aljihu ba zif! Mai shayi, fasa ƙwai, mai biya ya iso!"

Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Shi Davou ba ya zama. Ya ƙulle nasa kason a bakin hankici, ya hau motar Kuru, ya tsaya wajen masu rainon dashe ya sayi 'ya'yan rastata a cikin leda, wato itacen turaren nan dogo da kuke gani ko'ina a kan tudun nan. Muna yi masa dariya. Mato ya ce kwandastan Sarki ya rasa matar aure ya auri itace.

Wata rana Davou ya matsa sai na raka shi in ga wurin. Ƙasar ubansa ce, amma kamfanin kuza ya haƙe ta tun zamanin da, ya tafi ya bar tulin jar ƙasa da wani rami cike da koren ruwa. Ko acca ba ta yi a wurin. Ya tsaya a kan tudu yana nuna mini ƙananan itatuwansa, da irin Hausarsa.

"Oga, ka ga wannan wuri? Babu wanda yake so. Ko akuya ba ya tsayawa. Amma rastata yana so."

Na ce, "To sai me? Itace za ka ci?"

Ya ce, "Rastata ba ya cin abinci, ba ya zuwa makaranta, ba ya zuwa asibiti. Ka sare shi, ya sake fitowa. Masu gini suna nema, masu rufi suna nema. Ranar da ƙafanka ya gaji da kuloci, shi zai kawo maka balas. Ka ɗauki rabi, Oga. Baba ya yarda."

Na dawo gida na ba uwarku labari don mu yi dariya tare. Ba ta yi dariya ba. Lokacin tana tuyar masa a ƙofar gida, kuma kwasar adashinta ta kusa. Ta ce a saya. Da kuɗin masarta aka biya uban Davou, ɗan abu kaɗan, don ƙasar ba ta da daraja a idon kowa. Ba a rubuta takarda ba. An tsaya a gaban tsohon da mai unguwarsu, aka dasa ƙerana a tsakiya ta zama iyaka, ɓangaren ramin ruwa nawa, ɓangaren tudu na Davou. Daga nan kowace Lahadi Zulai sai ta tare ni kafin in fita.

"Malam, na itace daban, na mai shayi daban. Ka cire na itacen tun kafin ka ga Mato."

Ina cirewa, amma da ƙyar. Na yi dashe 'yan damina a jere. Davou yana ja da igiya, layinsa a miƙe kamar na soja. Ni ina sauri in koma tebur kafin a watse, sai in tona rami inda ƙafata ta faɗa in cusa in taka. Layukana suka fito a karkace kamar hanyar maciji. Duk da haka suka kama. Rastata bai damu da halin mai shi ba.

Shekarar da nake son ku sani ita ce shekarar zaɓen ciyaman na tasharmu. Lokacin itatuwan sun wuce tsayin ɗaki, amma sirara ne, ba su isa sara ba. Auwalu yana gudu, Rabi tana rarrafe. Mato da mutanensa suka fara biyo ni har gida. Suka ce tashar nan ba ta da wanda ake so kamar ni, suka ce ko yau aka kaɗa ƙuri'a na cinye. Abu ɗaya ne cikas.

Mato ya ce, "Sarki, wanda ke tuƙa motar wani ba ya zama ciyaman. Yaya za ka hukunta masu mota alhali kai yaron mai mota ne? Ga wata bas can ana sayarwa a gareji, fenti kawai take so. Kai da kake da gona a Kuru?"

Maganar ta shige ni. Na kawo ta gida bayan la'asar, Zulai tana wanke tanda, mahaifiyata Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Na faɗa kamar abin da aka riga aka gama. Zulai ta ajiye tandar.

"Malam, itacen da ya rage kaɗan ya fara ba mu? Ka sayar ka sayi motar da mai ita ya gaji da ita?"

Na ce, "Mota kullum take kawowa. Itace sai an yi shekaru ana kallonsa."

Ta ce, "Ai don shekarun aka dasa shi. Ba don bana ba."

Inna ta ɗago kai. Allah Ya jiƙanta, tana sona fiye da yadda ya kamata.

"Ke Zulai, ƙyale shi ya nemi girma. Namiji mai 'ya'ya yana tsoron tsufa? Ga ajiyarsa nan tana yawo a tsakar gida."

Zulai ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki gafarce ni, wannan ajiyar ita ma ci take yi. Kuma gobe za ta haifi tata."

Na ji kunya an ƙure ni a gaban uwata, sai na ɗaga murya. Na ce arziki na Allah ne, wanda Ya ba ni yau Shi zai ba ni gobe, kuma mace ba za ta koya mini tawakkali ba. Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Shi ɗin ne Ya ba ka Lahadi, Malam. Bai ce ka kai wa Mato ba."

Na saka takalmi na fita. Ku lura da kyau, ban tuna ma cewa da kuɗinta aka sayi ƙasar ba. Ko na tuna, na danne.

Da na gaya wa Davou, sai ya zauna a kan matakalar mota kamar an gaya masa mutuwa. Ya roƙe ni. Ya ce in ba itacen damina biyu kawai. Ya ce in kuɗi nake so na gaggawa, zai ba ni nasa kason Lahadi har zaɓe ya wuce, in biya a hankali. Na ƙi. Ya ce shi ba zai saya ba, don in ya saya zan tsane shi wata rana. Sai na yi masa abin da har yau in na tuna nake jin zafi a fuskata. Na ce in bai saya ba, akwai wani mai kuɗi a cikin Jos da zai saya ya kewaye da waya, ya hana ƙauyen shayar da dabbobi a ramin ruwan. Babu wani mai kuɗi. Ƙarya na yi don in matse shi. Na kuma sa farashin da na san ya fi ƙarfinsa. Davou ya sayar da saniyar da yake tarawa don aurensa, ya karɓi rance a ƙungiyar cocinsu, ya haɗa ya kawo mini cif, bai rage ko sisi ba. Aurensa sai da ya ja baya saboda ni.

Muka koma gaban ubansa da mai unguwa. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya yi magana da yarensu, Davou ya fassara.

"Baba ya ce, hannun da ya dasa iyaka shi zai cire. Don kada gobe wani ya ce an ƙwace."

Na tuɓe riga na kama ƙeranar nan ina tumɓukewa, ina sauri kamar kullum. Farin ruwanta ya zubo mini a wuyan hannu ya sale fata. Tabon nan baƙi da ke hannuna na dama, wanda na ce muku ruwan lagireto ne ya ƙone ni, ba lagireto ba ne. Ƙerana ce. Ita ce takardar cinikin, kuma a jikina take.

Sauran labarin gajere ne, don abin banza ba ya daɗewa. Na sayi motar, na yi mata fenti, na rubuta Sarkin Lahadi a bayanta. Abin da ya ragu na dafa shinkafa, na raba atamfa da sabulu. Ranar zaɓe aka yi layi a bayan 'yan takara. Na juya in ga nawa layin, sai na hango Mato a layin abokin takarata, da hular da na saya masa a kansa. Na sha kaye. Kafin shekara ta zagayo na ɗauki shatar 'yan biki, injin ya buga a Hawan Kibo, na bar amarya da ƙawayenta a bakin hanya. Makaniki ya buɗe ya ce injin nan ya mutu tun kafin in saya. 'Yan gwangwan suka auna ta a kan sikeli. Alhaji kuwa ya riga ya ba wani direba motarsa.

A wannan hali ne na koma teburin mai shayi wata Lahadi, ba mai ɗaga mini hannu. Mato ya dube ni yana kaɗa cokali a kofi.

"Sarki, ina labarin gonar itace? Ko ita ma ta buga inji?"

Aka yi dariya. Sai na ji bakina ya ce, "Ƙasar mutane ce. Sun ga ta yi kyau, sun karɓi abarsu."

Dariyar ta tsaya. Aka fara cewa Allah sarki, aka fara cewa ai haka suke. Har wani ya ce a ba ni shayi. Na ga ashe wanda aka zalunta yana da kujera a tebur, wawa ne ba shi da ita. Sai na zauna a kujerar. Daga baya da garin nan ya rikice, mutane suka rabu unguwa-unguwa, kowa yana neman labarin da zai ƙara masa haushin ɗan'uwansa, maganata ta sami ƙafa ta yi ta tafiya. Aka ƙara mata adda, aka ƙara mata barazana, har na ji ana cewa da gudu na tsira. Ban taɓa cewa haka ne ba, ban kuma taɓa cewa ba haka ba ne. Kuka taso kuka ji, kuka haddace. Uwarku ta yi shiru don ta rufa mini asiri, shekara da shekaru. Kada wanda ya kuskura ya ɗora mata laifi.

Kada kuma ku ɗauka gonar nan kaɗai ce kuskurena. Na sami babbar mota daga baya, na yi shekaru ina kai dankali kudu, na riƙe kuɗin da ya fi na Lahadin Bukuru nesa ba kusa ba. Ko a lokacin, da na ce bari in cire wani abu in ajiye, da yanzu ba haka ba. Amma kullum sai in ce sai na gama wannan hidima, sai an wuce Sallah, sai yara sun gama makaranta, ai da sauran ƙarfi. Ƙarfin bai yi mini sallama ba ranar da zai tafi. Ido ya fara, gwiwa ta biyo baya, wata safiya mai mota ya karɓi makulli ya ce Baba a huta. Na dawo gida da jakar kayana da bargo. Cikin duk waɗanda suka sha shayina, babu wanda ya taɓa tako ƙofar nan ya ce ya jiki. Ba ma su nake jin haushi ba sosai, su sana'arsu suka yi. Ina jin haushin duk babban da ya ga saurayi yana watsa kuɗi ya kira shi mai kyauta. Ina jin haushin yadda muke ɗaukar sunan Allah mu lulluɓe lalacinmu da shi, kamar Shi Ya hana mu tanadi. Ina jin haushin maganar nan ta cewa 'ya'ya su ne ajiya, don na ga yadda ajiyar take a zahiri. Kuɗin maganin hawan jinina daga aljihun Auwalu yake fita, shi da ke da mata da yara da bashin keke. Na cinye Lahadina tun ina saurayi, yanzu ina cin tasa. In ya gaji har ya fara hangen gonar mutane, wa ya kai shi?

Washegarin abin da ya faru a Tina Junction na aika aka kira shi. Ya shigo yana huci, yana tsammanin zan sa masa albarka.

"Baba, an daɗe ana taka mu. Lauyan ya ce in dai ba takarda, kuma kai kana raye ka ba da shaida, za mu ci."

Na ce, "Tayar da kekenka. Kuru za mu."

Zulai ta fito da mayafinta ta ce, "Ni ma za ni. Da kuɗin masata a wurin."

Ban gane ƙauyen ba. Inda na bar jar ƙasa, daji ne mai duhu, iska tana kaɗa shi yana ƙamshi. Wata mota tana lodin sanduna a gefe. Davou yana zaune a ƙofar gidan bulo mai rufin kwano, cikin suwaita da hular sanyi, kansa fari fat. Ya sa hannu a goshi yana kallonmu, sai ya miƙe.

"Oga! Oga Isiyaku! Madam, sannu da zuwa. Gyang, kawo kujera."

Gyang ya kawo kujera, amma bai gaishe da Auwalu ba. Ban bari an kawo ruwa ba. Na ce a kira duk wanda ke gida. Na naɗe hannun riga na nuna tabon, na faɗi duk abin da na rubuta muku a sama, har ƙaryar mai kuɗin Jos, har maganar teburin mai shayi. Ban dubi Auwalu ba, amma ina jin numfashinsa a bayana. Da na gama, Davou ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Na ji, Oga. Tun a satin da ka faɗa, Mato ya kawo mini."

Na ce, "To me ya hana ka zuwa ka ƙaryata ni?"

Ya ce, "Kai ne ogana. Na ce yana jin zafi ne, in ya huce zai gyara. Na jira." Ya ɗago ya dube ni. "Ka daɗe a hanya, Oga."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Gyang kuwa bai da haƙurin ubansa, kuma ban ga laifinsa ba.

"Baba, mun ji, mun gode. Amma ba a nan aka kira babana ɓarawo ba. A Tina aka kira shi, a gaban kwastomomina. A can za a janye."

Na juya na dubi ɗana. Idonsa ya yi ja, ban san ko kunya ce ko haushina ba, wataƙila duka biyun. Ya durƙusa a gaban Davou ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce wa Gyang gobe da safe yana nan tafe. Ya kuwa je. Ya tsaya a inda ya tsaya ran nan ya janye maganarsa da ƙarfi, har masu sayar da lemo suka ji. Maganar lauya ta mutu a nan. Ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da ni, yana ajiye maganina a hannun uwarsa ya wuce. Wannan ma na karɓa, nawa ne.

Ranar da muka je Kuru kuwa, kafin mu taso, Davou ya ce sai na ga gonar. Muka gangara ta wajen ramin ruwa. Kututture a kan kututture, kowanne ya fito da sababbin sanduna, an sare sun toho, an sare sun toho, ya ce shi kansa ya daina lissafi. Da su ya rufe gidan nan, da su yaransa suka yi karatu, da su aka yi masa aikin ido. Yanzu ba ya komai, mota ce ke zuwa har ƙofa ta kawo masa. Muka iso wani wuri inda itatuwan suka bar miƙewa suka fara tafiya a karkace. Davou ya yi dariya har da tari.

"Yara suna kiran nan layin Oga. Ba su san wane Oga ba. Shi ya fi ba da sanda, don yana kusa da ruwa."

Zulai ta dafa ɗaya daga cikinsu. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe masar ta yi auki."

Hanyar dawowa da santsi, gwiwata ta ƙi. Gyang ya zaro adda ya sare wani reshe daga layin, ya feƙe shi ya miƙo mini. Na sa hannu a aljihu, ya ce haba Baba.

To ku ji. Gonar nan ta Davou ce da 'ya'yansa, halak malak, ya saya ya biya fiye da kima. Duk wanda ya fito daga tsatsona ya sake buɗe baki a kanta, ko ina raye ko ina kabari, ban yafe ba. Kai kuma Auwalu, na san kana da ranar da kekenka ke yi maka aiki kai kaɗai. Ban ce lallai itace ba. Ko banki, ko fili, ko tunkiya, ka cire tun da safe kafin ka ga masu ɗaga maka hannu, ka cire ko da nawa maganin zai ragu. Na fi son in kwana da ciwon kai da in san ɗanka zai zauna wata rana yana jiran abin da na sa ka jira.

Sandar tana nan jingine a bayan ƙofa, da ita nake zuwa masallaci. In na rasu kada a jefar da ita, a ba Auwalu. Shekara arba'in da wani abu ina riƙe da sitiyari, ita ce abin da na ajiye, ita ma ba ni aka yi.